Lugga da Isɗilahi: Sharhi a Kan Turancin Masu Rubuta Manhaja

Daga cikin mas'alolin da suka fi yawo a bakin samarinmu da 'yan matanmu a wannan zamani, tun daga ɗaliban jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato har zuwa waɗanda ba su sami zarafin wuce sakandare ba amma Allah ya hore musu wayar hannu da kwaɗayin sani, akwai guda ɗaya wadda ta cancanci a zauna a warware ta a tsanake, watau ko wajibi ne mutum ya ƙware a Turanci kafin ya sa hannu a ilmin rubuta manhajar kwamfuta. Tambayar ta ƙara ƙarfi tun da gwamnatin tarayyar Nijeriya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a shekarar 2023, da niyyar horar da mutum miliyan uku a sana'o'in fasahar zamani, domin da yawa daga cikin masu sha'awar shiga sun tsaya a bakin ƙofa suna auna Turancinsu. Jama'a sun rabu biyu a kan amsar. Wasu sun ce hanya a toshe take ga duk wanda bai iya Turanci kamar ɗan Ingila ba, saboda haka sai ya koma ya gyara harshensa tukuna. Wasu kuwa, don son ƙarfafa gwiwar masu koyo, sun ce ai kalmomin ba su taka kara sun karya ba, mako guda ya isa a haddace su. A ganina kowane ɓangare ya riƙi wani yanki na gaskiya ya saki saura, kuma asalin saɓanin shi ne an tara abubuwa uku mabambanta an kira su da suna ɗaya, alhali kuwa kowannensu da nasa nauyi da kuma tasa hanyar koyo.

Kafin a rarrabe su ya kamata a san yadda aka yi Turanci ya mallake wannan fage, domin wanda bai san sababin abu ba yakan zaci wata falala ce ta musamman da harshen ya keɓanta da ita. A farkon al'amari da lambobi tsagwaronsu ake yi wa na'ura umarni, aiki mai cin rai wanda kuskure ba ya ƙarewa a cikinsa. Sa'an nan a shekarar 1957 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da FORTRAN, wanda John Backus da jama'arsa suka tsara domin masu lissafi da injiniyoyi, bayan shekara biyu kuma aka soma tsara COBOL domin harkar ofisoshi da bankuna, bisa tafarkin da Grace Hopper ta share, ita da ta dage a kan cewa ya kamata umarnin na'ura ya yi kama da jimlolin da ma'aikaci zai iya karantawa. Da yake a Amurka aka yi wannan aiki, kuma can ne na'urori da kuɗin bincike suka fi yawa, sai kalmomin suka fito da Turanci. A shekarar 1963 kuma aka kafa ƙa'idar haruffa mai suna ASCII, mai gurbi 128 kacal, wadda aka gina a kan baƙaƙen Turanci, ba ta bar wuri ga haruffan Larabci ba, balle ƙ da ɗ da ɓ namu masu lanƙwasa.

Abin da ya fi wannan ba da darasi shi ne halin waɗanda suka zo daga baya. Niklaus Wirth, wanda ya fitar da Pascal a 1970, mutumin Suwizalan ne. Guido van Rossum, wanda ya fitar da Python a 1991, ɗan Holan ne. An ƙirƙiri Lua a wata jami'a a birnin Rio de Janeiro na ƙasar Barazil a 1993. Yukihiro Matsumoto kuwa, mai Ruby, a Japan ya fitar da nasa a 1995. Babu ɗaya daga cikinsu da aka haifa da Turanci a baki, babu kuma hukumar da ta tilasta musu, amma dukkansu da kalmomin Turanci suka gina harsunansu, saboda littattafan fannin da abokan aikin da suke fatan samu duk a wannan harshe suka riga suka haɗu. Labarin Ruby ya isa hujja: shekarunsa na farko mafi yawan bayaninsa da Japananci yake, bai kuwa bazu sosai a wajen ƙasar ba sai bayan da aka buga littafi a kansa da Turanci a shekarar 2000. Ke nan tarihi ne da buƙatar haɗin kai suka ɗora Turanci a wannan matsayi, kuma mafi yawan masu rubuta manhaja a duniya a yau koyonsa suka yi kamar yadda mu ma muke koyo.

Abu na farko daga cikin ukun nan shi ne keɓaɓɓun kalmomin da kowane harshen kwamfuta ya riƙe wa kansa, waɗanda ba a yarda a yi amfani da su a wani wuri dabam ba. A nan masu cewa al'amarin da sauƙi sun yi gaskiya. Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a farkon shekarun 1970, kalmomi 32 ne a ƙa'idarsa ta 1989, Python kuwa 35 ne a yau, kuma da yawansu sun yi tarayya tsakanin harsuna, har wanda ya san “if” da “else” da “while” da “return” a ɗaya zai tarar da su suna jiransa a wani. Yaron da ya haddace izu guda ba zai kasa riƙe wannan adadi ba. Na'ura kuma, ya kamata a faɗa a sarari, ba ta jin Turanci ko kaɗan. Alamu ne take kwatantawa harafi da harafi, shi ya sa wasu daga cikin kalmomin, irin su “def” da “elif” na Python, ko Baturen bai taɓa jin su a gidansu ba, guntattakin kalmomi ne aka yanke. Sai dai wannan rashin fahimta na na'ura shi ne ya sa ba ta da afuwa a kan rubutu. Python na son “True” da babban harafi, JavaScript na son “true” da ƙarami, kowanne kuwa ba ya karɓar na ɗan'uwansa. Mu da aka koya mana rubutun Ingila a makaranta muka saba da “colour”, idan muka zo tsara launin shafin intanet da CSS sai mu tarar rubutun Amurka ake bi, watau “color”, kuma idan mutum ya ƙara harafin nan guda babu saƙon da zai tsaya masa a gaba, launin ne kawai zai ƙi canzawa, ya yi ta neman laifin a inda ba ya nan. Haka nan da yake harshenmu bai raba sautin p da f ba, wajibi ne Bahaushe ya koyi waɗannan kalmomi da ido da yatsa, kada ya dogara ga kunne.

Abu na biyu shi ne inda mafi yawan masu koyo suke tuntuɓe ba tare da sun san abin da ya kayar da su ba, kuma a nan nake so in daɗe. Malamanmu na zaure, idan za su buɗe wani babi na fiƙihu ko nahawu, ba sa wucewa sai sun raba ma'anar kalma gida biyu, su ce ga ma'anarta a lugga, ga kuma ma'anarta a isɗilahi. Salla a lugga addu'a ce, amma a isɗilahin malaman fiƙihu ibada ce sananniya wadda ake buɗewa da kabbara a rufe da sallama. Habari a lugga labari ne, amma a wajen malaman nahawu shi ne abin da ke cika ma'anar mubtada'i. Balaraben da ya tashi da harshen tun yana goye, idan bai zauna gaban malami ba, ba zai san ma'ana ta biyu ba, almajirin Katsina kuwa da ya karanta Ajurumiya zai san ta sarai ko da bai iya cinikin albasa da Larabci ba. To, wannan rarrabewa ita ce mabuɗin Turancin masu rubuta manhaja, domin kusan dukkan kalmominsu na fanni tsofaffin kalmomin yau da kullum ne aka ɗauko aka ɗora musu wani kaya dabam.

A ɗauki “string”. Wanda ya buɗe ƙamus zai ga zare ko igiya, ya rufe ƙamus yana cikin duhun da ya fi na farko, alhali a isɗilahi jerin haruffa ne da aka killace tsakanin alamun zance, wanda na'ura za ta ɗauka a matsayin rubutu ba lamba ba. Shi ya sa biyar da biyar idan lambobi ne za su ba da goma, idan kuwa a cikin alamun zance suke sai a manna su su zama 55. A ɗauki “argument”, wanda ɗalibi ya sani da ma'anar gardama tun daga darasin muhawara, sai ga shi a nan yana nufin abin da ake miƙa wa wani yanki na manhaja domin ya yi aiki a kansa. “Class” ba ajin makaranta ba ne, tsari ne da ake zayyanawa sau ɗaya a riƙa fitar da abubuwa masu kama da juna daga gare shi. “Library” tarin aikin da wasu suka riga suka rubuta ne, wanda mutum zai jawo ya yi amfani da shi. Hatta “print”, wadda kusan ita ce kalmar farko da kowa ke rubutawa, ba ta buga komai a takarda, a allon kwamfuta take nuna abu, sunan ya wanzu ne tun zamanin da na'ura take mayar da amsa a kan takarda. Mafi wuyar duka kuwa alama ce ba kalma ba. Ɗalibin da ya shekara goma sha biyu yana karanta alamar = da ma'anar daidaito, idan ya ga an rubuta x = x + 1 hankalinsa zai ƙi karɓa, don a lissafi wannan muhali ne; ba zai sami natsuwa ba sai an gaya masa cewa a nan umarni ne, ana cewa ɗauki abin da ke cikin x, ka ƙara ɗaya, ka mayar da sakamakon cikin x, kuma idan tambayar daidaito ake so a yi sai an ninka alamar sau biyu.

Daga wannan za a fahimci cewa fifikon da ɗan Ingila ko ɗan Amurka yake da shi a wannan mataki bai kai yadda ake tsammani ba. Lugga takan ba shi ɗan haske, ya hango dalilin da ya sa aka zaɓi kalmar, amma isɗilahin sai ya koya kamar kowa, wani lokaci ma sanin luggar ne yake ɓatar da shi. Za a kuma fahimci dalilin da ya sa jerin kalmomin nan da ake yaɗawa, Turanci a hagu fassarar kalma guda a dama, ba su cika amfanar da kowa ba. Isɗilahi ba ya zama a zuciya sai da abubuwa uku a haɗe: lafazinsa yadda yake da Turanci, da ta'arifinsa cikin harshen da mai koyo yake tunani da shi, da misalin da shi kansa ya rubuta ya ga na'ura ta aiwatar. Ta'arifin kuwa ya zama irin wanda malaman manɗiƙi suke sharɗantawa, mai tattaro duk abin da ke cikin ma'anar, mai hana abin da ba ya ciki shiga. Idan aka ce wa ɗalibi “variable” shi ne abu mai canzawa, an fassara masa lugga an bar shi a hanya. Idan aka ce suna ne da kake laƙaba wa wani abu da na'ura ta ajiye, domin ka kira shi da sunan a gaba, kuma kana iya sauya abin da sunan yake nuni gare shi, sa'an nan aka sa shi ya ajiye farashin mudun gero a ƙarƙashin wani suna ya ninka shi da goma, to ya riƙe ke nan. Akwai kuma tagwayen kalmomi da ba a gane ɗaya sai an jera ta da 'yar'uwarta, kamar “parameter” da “argument”, inda ta farko gurbi ne da aka tanada lokacin zayyana aiki, ta biyu kuwa abin da aka zuba a gurbin lokacin kiran aikin. Malamin da ya koyar da su a ranaku dabam-dabam bai kyauta wa ɗalibansa ba.

Abu na uku shi ne wanda masu cewa mako guda ya isa suka manta da shi, shi ne kuma ya ba masu tsoratarwa hujjarsu, watau Turanci na haƙiƙa, mai jimla da nahawu, wanda ake rubuta saƙonnin kuskure da littattafan bayani da shi. Mai rubuta manhaja ya fi ɓata lokaci a karatu a kan rubutu. Duk sa'ad da aikinsa ya tsaya, na'ura takan fito masa da bayani, sau da yawa da jan rubutu, tana faɗa masa layin da ta tsaya da dalilin tsayawarta. Abin baƙin ciki kuwa shi ne yawancin masu koyo, da zarar sun ga jan rubutun nan, sai gabansu ya faɗi, su ɗauki hotonsa su tura wa wanda ya fi su sani, ba tare da sun karanta ko layi ɗaya ba, alhali amsar tana cikinsa. Da an zaunar da su an nuna musu cewa a Python daga layin ƙarshe ake fara karantawa, cewa “is not defined” na nufin ka kira sunan da ba ka riga ka gabatar ba, cewa “expected” na nufin na'ura ta jira wani abu a wurin ba ta gan shi ba, “unexpected” kuma ta ga abin da ba ta jira ba, cewa “denied” hani ne na rashin izini, “deprecated” kuwa gargaɗi ne cewa abin yana aiki a yau amma an daina ba da shawarar amfani da shi kuma ana iya janye shi, da rabin tsoron ya tafi. Waɗannan saƙonni ba su da yawan salo. Jimloli kaɗan ne suke maimaita kansu da sunaye dabam-dabam.

Littattafan bayani ma haka suke, ko da yake sun fi faɗi. Turancinsu ba irin na adabi ba ne da ake jarraba yara da shi a WAEC. Babu karin magana a cikinsa, babu azanci, jimlolinsa gajeru ne masu bin tsari ɗaya, don masu rubuta shi sun san akasarin masu karatunsu baƙin harshen ne. Amma yana da tasa ƙa'ida mai tsauri, wadda ɗalibin fiƙihu zai gane ta da sauri fiye da kowa. A shekarar 1997 wani masani mai suna Scott Bradner ya rubuta wata 'yar gajeruwar takarda da ake kira RFC 2119, wadda ta iyakance ma'anar wasu kalmomi a cikin ƙa'idojin intanet: “must” ga abin da babu makawa sai an yi, “must not” ga abin da aka hana baki ɗaya, “should” ga abin da ake so a yi sai dai in da uzuri mai ƙarfi, “should not” ga abin da ake so a bari, “may” kuma ga abin da aka bar wa mutum zaɓi. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi zai ga tsarin da ya saba da shi na wajibi da haramun da mustahabbi da makaruhi da mubahi. Ina kawo wannan ne domin a ga cewa irin karatun da fannin yake buƙata, na tsayawa a kan kowane lafazi a auna nauyinsa, ba baƙo ba ne a ƙasar nan, mun daɗe muna tarbiyyar yara a kansa, sai dai ba mu cika nuna musu cewa abu ɗaya ne ba.

A ƙarƙashin wannan mataki kuma akwai rubutun da mutum zai yi da kansa. Zai raɗa wa sassan aikinsa sunaye, kuma al'adar masu fannin ita ce a fara sunan aiki da fi'ili, irin su “get” da “set” da “update” da “delete”, fi'ilai 'yan ƙalilan da suke zagayawa ko'ina. Zai rubuta taƙaitaccen bayanin abin da ya canza domin abokan aikinsa, zai yi tambaya a rubuce ga wanda bai taɓa gani ba, idan kuma Allah ya buɗa masa har ya sami aiki daga ƙasar waje zai yi wasiƙa da mai aikin. Wannan yana zuwa a hankali, kuma karatu ne yake haifar da shi. Ba daidai ba ne a mai da shi sharaɗin shiga.

A nan wani zai ce, tun da na'ura ba ta damu da harshe ba, me zai hana mu fassara kalmomin duka mu yi harshen kwamfuta na Hausa, mu huta? Tambaya ce mai kyau, wasu al'ummu kuwa sun riga mu gwadawa. Waɗanda suka tsara ALGOL 68 sun yarda a sauya kalmominsa zuwa wasu harsuna, har aka yi shi da Rashanci. Wani masani mai suna Ramsey Nasser ya ƙirƙiri harshe mai suna Ƙalb, wanda ake rubutawa da Larabci daga dama zuwa hagu, kuma daga cikin abin da aikinsa ya bayyana akwai yadda kayan aikin fannin suke tuntuɓe da zarar an fita daga baƙaƙen Turanci. Scratch, wanda jami'ar MIT ta fitar domin yara a 2007, an fassara shi zuwa harsuna masu yawa, kuma a wannan mataki fassarar alheri ce tsantsa, domin yaro ɗan shekara takwas tunani ake so ya koya, bai kamata a haɗa masa kaya biyu ba. Amma ga baligin da yake neman sana'a, harshen da aka fassara yakan raba shi da dubban ɗaruruwan ayyukan da wasu suka riga suka rubuta, ya raba shi da littattafai da abokan aiki, kuma ko ba daɗe ko ba jima sai ya dawo ya koyi abin da aka so a ɗauke masa. Kamfanin Microsoft ya fassara sunayen ayyukan Excel, har mai amfani da na Faransanci yana rubuta SOMME da SI inda mai na Turanci yake rubuta SUM da IF, kuma ma'aikacin Yamai da ya tashi neman taimako a littafin da aka rubuta a Legas ya san wahalar da wannan ke jawowa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ma dai su ne suka fi kowa ɗaukar nauyi a wannan al'amari, domin a aji ana ce musu “boucle” da “tableau”, a cikin na'ura da littattafai su tarar da “loop” da “array”, a zuci kuwa da Hausa suke tunani.

Akwai sassauci guda da ya kamata a sani. Tun da tsarin Unicode ya ba haruffanmu masu lanƙwasa gurbi, kuma Python ya yarda da su a cikin sunaye tun fitowar zubinsa na uku a 2008, mai koyo yana iya raɗa wa abubuwansa suna da Hausa, ya rubuta ɗalibi ko ƙima ko kuɗi, na'ura ta karɓa. Ina ganin fa'ida babba a yin haka a watannin farko, saboda yana nuna wa ɗalibi a fili wace kalma ce ta harshen, wadda ba ya da ikon taɓawa, wace ce kuma tasa, wadda shi ya zaɓa; wannan bambanci kuwa yakan ɓace masa idan komai da Turanci yake. Idan ya fara aiki da wasu sai ya koma ga al'adar jama'a.

Hanyar da nake ganin ta fi dacewa da mu, saboda haka, ita ce wadda magabatanmu suka bi da Larabci shekaru aru-aru. Ba su fassara Risala suka jefar da asalinta ba, ba su kuma ce wa almajiri ya tafi ya ƙware a Larabci tukuna kafin a koya masa alwala ba. Matani yana nan da harshensa, almajiri yana jan baƙi, malam yana fassarawa gaɓa gaɓa da Hausa, yana tsayawa inda ya kamata ya yi sharhi, har a wayi gari almajirin ya sami fannin da harshen tare, ya iya buɗe littafin da ba a taɓa karantar da shi ba. Wasu daga cikin matasan da suke koyar da rubutun manhaja da Hausa a YouTube sun kama wannan hanya da basirarsu, suna barin lafazi da Turanci suna warware ma'ana da harshen gida, kuma sun cancanci yabo. Na'urorin fassara da manhajojin nan masu amsa tambaya su ma suna taimakawa, tun daga lokacin da Google ya sa Hausa cikin masu fassararsa a 2013, sai dai sau da yawa sukan ɗauki isɗilahi su mayar da shi lugga, wanda bai riga ya san bambancin ba kuwa ba shi da abin da zai gane kuskuren da shi.

Abin da ya rage mana shi ne rubutu da ittifaƙi. Bayanin baki yana wucewa, kuma a halin yanzu kowane malami da tasa fassarar, har ɗalibin da ya saurari mutum uku zai ji ta'arifi uku na abu guda, wani ma ya ƙirƙiro kalmar da babu mai amfani da ita sai shi. Ƙirƙirar kalma ba laifi ba ce, ga manhaja nan ta zauna daram a bakin jama'a, amma ba kowace ce take zama ba, kuma wadda aka ƙirƙira don ta maye gurbin lafazin da ɗalibi zai tarar a cikin na'ura cutar da shi take yi. Muna da abin koyi a gida: a shekarar 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, bayan malaman jami'o'i sun zauna sun daidaita a kan kalmomin da za su riƙa koyarwa da su, kuma da shi aka yi ta karantar da nahawun Hausa da Hausa. Irin wannan zama ake buƙata tsakanin malaman sashen kimiyyar kwamfuta da na sashen harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo, tare da takwarorinsu na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da kuma matasan da suke cin abinci da sana'ar, waɗanda su ne suka san abin da ake faɗa a bakin aiki. Littafin da za su fitar ya bar kowane lafazi da Turancinsa, ya sa na Faransanci a gefe domin mutanen Nijar, ya ba da ta'arifi da Hausa mai kyau, ya biyo da misalin da za a iya bugawa a gwada ko a wayar hannu. Su fara da kalmomi 35 na Python da saƙonnin kuskuren da mai koyo ya fi cin karo da su a watansa na farko, sa'an nan su wuce zuwa isɗilahohin da suka fi wuyar warwarewa.